An kore ni daga gasar harbi tun a mataki na biyu, ina neman shawarar manya

Nasiru Jega: Assalamu alaikum mutanen gida. Asabar da ta wuce aka saka sunana cikin masu wakiltar sashenmu a gasar harbin fistol ta cikin gida, irin wadda ake gudu daga wannan wuri zuwa wancan ana harbin allunan kwali da na ƙarfe, agogo yana ƙirga lokaci. Karona na farko ke nan. A mataki na farko na yi sauri har aka yi mini tafi, amma da aka je duba alluna sai aka tarar harsashi uku sun tafi iska, makin duk ya zube. A mataki na biyu ina cikin canza magazin, wato gidan harsashi, ina tafiya hagu sai na ji alƙalin fili ya daka mini tsawa. Wai yatsana yana kan kunama. Ban harba ba, ban nuna kowa da bindiga ba, amma ya ce tawa ta ƙare, in cire harsashi in mayar da ita kube in fita. Yau kwana huɗu abin yana cin raina. Saura wata uku a sake wata. Daga ina zan fara?

Baba Sajan: Wa'alaikumus salam. Ɗana, ka hwara da zuwa ka gode ma alƙalin nan. Shekara 31 ni yi cikin kaki, kuma abin da kay yi na taɓa ganin ƙarshenai da idona. Muna hilin atisaye, wani yaro shina gudu da fistol a hannu, yatsa bisa kunama kamar yadda kac ce. Ƙahwatai ta sarƙe da buhun yashi. Mutum in zai hwaɗi, hannunai damƙewa yakai, ba shi shawara da kai. Sai ji munka yi tau! Harsashin ya shiga ƙasa bai kai taƙi ɗaya ba daga takalmin wanda ke riƙe da takardar maki. Ƙura ta tashi ta zauna bisa takalmin nan, kowa ya yi tsit, mutumin ya duƙa shina kallon ramin shina salati. Yaron nan shi ma bai yi niyyar harbi ba. Don haka kalmar "ban harba ba" ka aje ta gehe.

Nasiru Jega: Na ji Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ni ban ma san yatsan yana wurin ba.

Baba Sajan: Awo. Shi ne ciwon. Abin da ba ka san kana yi ba shi za ka hwara gyarawa.

Insifeto Ɗan Zuru: Nasiru, sannu da ƙoƙari. Bari in ɗora a kan maganar Baba. Wannan tsarin da kuka yi gasa da shi na IPSC ne, ƙungiyar duniya ta irin wannan gasar harbi, wadda aka kafa a 1976 a garin Kolombiya da ke jihar Misuri a Amurka, kuma wani tsohon laftanar kanar mai suna Jeff Cooper ne shugabanta na farko. A dokarsu, yatsa a kan kunama lokacin canza magazin ko lokacin da kake tafiya ba harbi kake ba, kora ce kai tsaye. Haka in bakin bindiga ya karkata fiye da digiri 90 daga fuskar alluna, dama ko hagu. Haka in ta suɓuce ta faɗi ƙasa kana cikin mataki. Babu gargaɗi na farko da na biyu. Ko zakaran duniya ne ya yi, gida zai tafi.

Ka lura da wani abu. Na-dama in yana tafiya hagu yana canza magazin, bakin bindigar da kansa yake son leƙawa hagu, saboda yadda ake karkata hannu. Wato ko da yatsan bai kama ka ba, saura ƙiris kusurwa ta kama ka. In za ka tsara tafiyarka, ka riƙa tuna wannan.

Yatsa kuma kada ka cire shi ka bar shi yana reto a gefen zoben kunama. Ka ɗaga shi sama ka manna shi a jikin ƙarfen bindigar, inda za ka ji shi, alƙali ma ya gan shi daga nesa.

Sadik BK: Oga ni farar hula ne amma wallahi wasan nan yana burge ni. Tun da na ga ɗan Turkiyyan nan a Olamfik da hannu a aljihu. A ina mutum zai samu fistol ya fara koyo?

Admin: Sadik, tsaya nan. Dokar makamai ta ƙasa, wadda asalinta tun 1959 ne, ta saka fistol da rabolba cikin makaman da aka haramta wa mutum mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa. Ba a sayarwa a gidan nan, ba a nuna hanyar saye, kuma duk wanda ya bi wani ta bayan fage da irin wannan magana fita zai yi. Masu magana a nan ma'aikata ne da ke karɓar bindiga a ɗakin makamai da sa hannu, su yi atisaye a filin hukuma, su mayar da sa hannu.

Insifeto Ɗan Zuru: Sadik, wanda kake nufi Yusuf Dikeç ne, ya ci azurfa a Paris a 2024. Amma nasa wasan daban ne: bindigar iska, tazarar mita 10, a tsaye wuri ɗaya, hannu ɗaya. Namu akwai zaro bindiga daga kube, akwai gudu, akwai canza magazin. In sha'awar gaske ce, hanyar da ta dace ita ce ka tuntuɓi hukumar wasanni ta jiha ka ji ko akwai tsarin masu harbin wasa, kada ka bi ta hannun kowa.

Malam Bashir Gusau: Ku yi mini afuwa, ni malamin makaranta ne, ɗan'uwana ne ya saka ni a gidan nan saboda ƙwallo. Amma zuciyata ba ta kwanta da wannan hira ba. Mu a Zamfara ƙarar bindiga ba wasa ba ce. Mun ga yadda aka sace 'yan mata ɗalibai a Jangebe a 2021. A 2022 har gwamnatin jiha ta ce mutane su nemi lasisin riƙe bindiga su kare kansu, kun san tura ta kai bango. Akwai ɗalibaina da in babur ya yi tusa sai su shige ƙarƙashin benci. A irin wannan hali a ce ana tafa wa mutum don ya iya harbi da sauri? Ga shi kun gani da idonku, tun ba a je ko'ina ba wani yaro ya fara tambayar inda zai samu.

Kofur Hauwa Yauri: Malam, wallahi na fahimce ka, mu ma Birnin Yauri ba mu manta da ɗaliban da aka sace a 2021 ba. Amma ka duba ta nan. Nasiru ko ya shiga gasa ko bai shiga ba, gobe da safe za a ba shi bindiga ya tsaya a bakin hanya cikin jama'a. Wanne ka fi so ya tare ka: wanda aka taɓa kora a gaban abokansa saboda yatsa, har abin ya hana shi barci kwana huɗu, ko wanda ba a taɓa ce masa komai ba? Sau nawa muke jin an ce bindiga ta tashi da kanta a shingen bincike? Ba ta tashi da kanta. Yatsa ne.

Malam Bashir Gusau: Wannan hujja ce, ban musa ba. Amma ina roƙon a riƙa tuna cewa akwai masu karatu da ba ma'aikata ba. Kuma hotunan da wasu ke ɗorawa suna riƙe da bindiga suna murmushi, don Allah a rage.

Admin: An karɓa, Malam. Daga yau babu hoton riƙe makami a gidan nan. Hoton allo da takardar maki kawai.

Baba Sajan: Malam ya yi gaskiya, Allah shi kawo muna ƙarshen wannan masihwa. To Nasiru, batun harsashi ukun da sunka ɓace. Maganina guda: ka rage sauri. Sauri ka haihwar nawa. Ka tsaya ka saita, kowane harsashi shi shiga tsakiya, sauri zai zo da kainai.

Kofur Hauwa Yauri: Baba, a gafarce ni, a nan kam ina da ja. Shekara biyu na yi ina bin wannan shawara. Alluna na fi na kowa kyau, amma kullum ina ƙasan jeri. Saurin bai zo da kansa ba sai da na je na nemo shi.

Insifeto Ɗan Zuru: Ku duka biyun kuna da gaskiya, lissafi ne zai raba gardamar. A wasan nan ana tara makinka ne a raba da daƙiƙun da ka ɓata. Da harsashi mai milimita 9 irin namu, tsakiyar allo maki 5 ne, zagaye na biyu 3, na gefe 1. Kuskure kuma ana cire maka 10, ban da 5 ɗin da ka rasa. Haka in ka harbi allon da aka hana harbi, 10 ne.

Ɗauki ƙaramin mataki mai harsashi 12, wato maki 60. Mutumin Baba ya natsu, ya samu tsakiya goma da zagaye na biyu guda biyu, maki 56 cikin daƙiƙa 14. In ka raba, 4.0 ke nan. Mutumin Hauwa ya samu tsakiya shida kawai da zagaye na biyu shida, maki 48, amma cikin daƙiƙa 10. Ya tashi da 4.8, ya doke na farko da rata. Sai na uku, shi ma daƙiƙa 10, tsakiya takwas, zagaye na biyu uku, amma ɗaya ya tafi iska: 49 a cire 10, saura 39, wato 3.9. Ya fi na biyu yawan tsakiya amma shi ne na ƙarshe.

Nasiru kai uku ka zubar. Ka lissafa da kanka.

Nasiru Jega: Innalillahi. Wato da na tsaya na ƙara harsashi a kan waɗanda na kuskure da ya fi mini?

Insifeto Ɗan Zuru: Nesa ba kusa ba. A yawancin matakai ana ƙirga mafi kyawun biyu ne a kowane allon kwali, ƙarin harsashi lokaci kawai yake ci maka. Amma ta yaya za ka ƙara alhali ba ka san ka kuskure ba? Nan ne aikin yake. Dole ka koyi ganin inda saitin gaba, ɗan ƙarfen nan na saman bakin bindiga, yake a daidai lokacin da bindiga ta tashi. In ka gan shi ya leƙa ƙasa ta hagu kafin ya ɗaga, ka san can harsashin ya tafi, ba sai ka je ka duba rami ba. Ranar atisaye ka riƙa yin haka: ka harba ɗaya, kada ka kalli allo, ka faɗa wa abokinka inda kake zaton ya sauka, sannan a duba. Farko za ka sha mamaki, domin za ka gane idonka rufewa yake lokacin ƙarar.

Nasiru Jega: Yallaɓai kamar kana wurin. Duk ramukana ƙasa ta hagu suke taruwa. Har na ce ko saitin bindigar ne ya goce.

Baba Sajan: Kowa haka yaka cewa. Ba saiti ba ne, zabura ce. Jikinka ya san za ta yi shuri, sai shi danna ta ƙasa tun ba ta tashi ba. Ka ba abokinka shi loda maka magazin, shi cusa harsashin roba na atisaye guda biyu a tsakiya ba ka san wurin ba. Sa'ad da ka ja kunama ta ce ƙyas babu ƙara, za ka ga bakin bindiga ya yi sujada. Ranar za ka yarda.

Kofur Hauwa Yauri: Sai riƙo. Wannan shi ya canza mini komai. Ni hannuna ƙarami ne, da ina matse bindiga da hannun dama iya ƙarfina, na hagu yana ɗafe kawai kamar mai riƙe kofin shayi. Ashe in ka matse hannun dama da yawa, yatsan kunama ba ya iya tafiya shi kaɗai, sauran yatsun sai sun bi shi, bindiga ta karkata. Yanzu hannun dama na kai shi can sama har ƙarshen mariƙi, in riƙe daidai misali, hannun hagu kuma ya cike duk gurbin da ya rage a jikin mariƙin ya matse kamar ana tatsar lemun tsami, wuyan hannu a kafe. In na gama atisaye na minti goma, damtsen hagu ne yake mini tsami. In bai yi ba, na san wasa na yi.

Kuma da zufar Kebbi, ka tafi da ƙaramin tawul a aljihu. Jiƙaƙƙen hannu ba ya riƙe komai.

Nasiru Jega: Anti Hauwa na gode. Matsalar ita ce harsashi. In an ba mu 30 a wata mun gode Allah. Kuma bindigar ba kwana take a hannuna ba.

Insifeto Ɗan Zuru: Duk haka muke. Mafi yawan abin da kake buƙata ba ya cin harsashi ko ɗaya. Ka nemi izinin mai kula da ɗakin makamai, minti 15 kafin ko bayan aiki, a wurin da ya nuna maka. Ka cire magazin, ka ja baya ka duba ciki da ido, ka sa shi ma ya duba, harsashi mai rai kada ya kwana a ɗakin da kake ciki balle aljihunka. Ka fuskanci bangon da aka tanada. In wani ya kira ka ka fita, da ka dawo ka sake dubawa daga farko. In ka ce ka gama, ka gama, babu "bari in ƙara ɗaya", domin a wannan ɗayan ake samun hatsari.

A cikin minti 15 ɗin: zaro daga kube a hankali har saiti ya riƙa zuwa daidai idonka ba ka neme shi ba, jan kunama ba tare da saitin gaba ya motsa ba, canza magazin da yatsa a sama. Na ukun nan kai ka ninka shi. Ka sa wani ya ɗauki hannunka a waya, kai kaɗai za ka kalla ka goge, za ka ga yatsan da idonka.

Harsashi 30 ɗin kuma gwaji ne na abin da ka koya. Kada ka zazzage su cikin minti biyu.

Baba Sajan: Mu a zamaninmu kwabo muka ɗorawa bisa bakin bindiga, ka ja kunama kada shi hwaɗi.

Kofur Hauwa Yauri: Yana da amfani a makon farko Baba, amma yana koya wa mutum jan kunama a hankali ƙwarai. Gara ya sa agogon harbi na waya, da ya ji ƙara ya ja nan take, ya ga ko saitin zai tsaya.

Maman Hanifa: Ni ma'aikaciyar jinya ce, maigidana ke cikinku. Ba ni da ta cewa a kan maki, amma akwai abu biyu da ban ji kowa ya taɓo ba. Na farko kunne. Ƙarar da ta wuce desibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti tana iya lalata ji a take, fistol kuma tana kaiwa wajen 160. Jin da ya tafi ba ya dawowa. Maigidana yanzu in ana magana ta hagunsa sai ya juyo da dama, kuma da daddare yana jin ƙara kamar ta gyare. Auduga ba ta wadatar ba, a nemi abin toshe kunne na gaske, da tabarau saboda ɓarɓashin da ke dawowa daga allon ƙarfe.

Na biyu dalma. Ni 'yar Anka ce. A 2010 mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da Bagega da 'Yargalma, yara fiye da 400 suka rasu, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo. Ƙurar dutsen zinariya ce iyaye suka shigo da ita gida a jikinsu da tufafinsu. Harsashi ma akwai dalma a cikinsa, hayaƙinsa yana sauka a hannu da riga. Ban ce yawanta ya kai na can ba, amma jikin yaro ba ya buƙatar mai yawa. Don Allah kada ku ci goro ko gyaɗa a filin harbi, kada ku tara kwanson harsashi a hula ko a aljihu, ku wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, kuma ku cire rigar kafin ku ɗauki jariri. A wanke ta daban.

Baba Sajan: Allah shi yi miki albarka ɗiyata. Da mun samu mai gaya muna haka, da yanzu ba a ɗaga murya in za a yi man magana.

Nasiru Jega: Wallahi ranar da kwanso cike da aljihu na koma gida, 'yata har wasa ta yi da su. Yanzu zan kwashe.

Maman Hanifa: Ka kwashe, ka wanke mata hannu, ka goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma. Kada a share da tsintsiya.

Insifeto Ɗan Zuru: Saura abu ɗaya, inda daƙiƙu suke ɓuya. Sabon shiga yana zaton sauri a yatsa yake. Tsakanin harbi da harbi, gwani da ɗan koyo bambancinsu ɗan kaɗan ne. Amma daga wannan wuri zuwa wancan, ɗan koyo yana iya zubar da daƙiƙa biyu ko uku: ya gama harbi ya tsaya kallon allo, sannan ya tuna zai tafi, ya isa, sannan ya ɗaga bindiga, sannan ya nemi allo. Ka kalli bidiyon Eric Grauffel na Faransa, wanda ya ci gasar duniya sau da yawa, ko na gasar da aka yi a Afirka ta Kudu a 2025. Kada ka kalli hannunsu, ƙafa da ido za ka kalla. Ido yana riga bindiga isa allo na gaba, kuma kafin ƙafa ta gama tsayawa bindiga ta riga ta hau.

Wannan ko a tsakar gida za ka iya, ba bindiga. Ka manna takardu uku a bango, ka ja layi biyu a ƙasa, ka haɗe hannu biyu kamar kana riƙe, yatsa a miƙe.

Sannan 'yan mintunan da ake ba ku ku zagaya mataki kafin a fara, ba na hira ba ne. Ka ƙirga alluna, ka san inda za ka tsaya, da inda za ka canza magazin, kuma ka sa canjin a cikin tafiya kafin ta ƙare maka. Ka rufe ido ka bi tsarin a ranka har sau goma. In ka ga wani gwani ya bi wata hanya daban ana saura mutum ɗaya a kira ka, kada ka canza.

Nasiru Jega: Ranar ni ko ƙirga allunan ban yi ba, bayan wani kawai na bi.

Kofur Hauwa Yauri: Wata ukun nan zai kai ku cikin hunturu. Kada ka cika wa bindigar mai, ƙura tana kamawa ta zama laka. Kuma duk magazin da ya faɗi cikin yashi ka buɗe shi ka goge kafin ka sake lodawa.

Nasiru Jega: Barkanmu da war haka. Na dawo da rahoto bayan kwana tara. Na je na samu alƙalin nan na gode masa kamar yadda Baba ya ce, har ya ce in riƙa zuwa ina taya shi manna alluna in ga yadda ake yi. An ɗauki hannuna a waya: cikin canji ashirin na ranar farko, sau bakwai yatsan ya koma ciki, kuma duk a lokacin da nake buga gindin magazin ne. Jiya sau ɗaya. Harsashin roba kuma, Baba, ta yi sujadar. Tambayata, in fara sa agogo yanzu ko in jira?

Insifeto Ɗan Zuru: A zaro da jan kunama ka sa. A canza magazin ka jira sai ka yi kwana uku a jere babu ko ɗaya. Asabar ƙarfe bakwai ina fili, ka zo da harsashi 30 ɗinka da littafin rubutu. Goma na faɗin inda ya sauka, goma na roba a tsakiya, sauran goman mu gani a mita 7.

Kofur Hauwa Yauri: Oga a sa da ni. Zan zo masa da abin toshe kunne, ina da guda biyu.